Yadda ake shirya gasar kacici-kacici ta wasanni a kwamfutar gida

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san busa na ƙarshe ba ya kashe musu, ƙara masa wuta yake yi. Wannan ya ce shi ne ya fi sanin tarihin Firimiya, wancan ya ce ai tun zamanin Yekini yake kallo, kowa yana ɗaga murya, ba mai kawo hujja. Kacici-kacici a kwamfuta shi ne wannan musun, amma an saka masa alƙali, an saka masa agogo, an saka masa maki. Hanyoyin yinsa uku ne: ka buga wanda wasu suka riga suka tsara a intanet, ko ka haɗa mutanen gida ta wayoyinsu, ko kuma ka gina naka da hannunka. A ganina na ukun ne ya fi, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin daɗin wasan yana cikin tambayoyin ne, ba a cikin kyan shafi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Kowace kwamfuta da ke iya buɗe Word za ta wadatar, ko da tsohuwar tokumbo ce. Ta tafi-da-gidanka ta fi ta tebur saboda dalili ɗaya: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zagaye, batirinta zai riƙe wasan. Idan mutane sun wuce huɗu, allon kwamfuta zai yi musu ƙanƙanta, sai ka nemi wayar HDMI ka jona da talabijin. Ka sauya talabijin ɗin zuwa ramin da ka soka wayar, sannan a kwamfuta ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Duplicate. Abin da ke allonka zai fito a talabijin. Idan sauti ya ƙi fita, danna alamar lasifika a ƙasan allo ka zaɓi talabijin. Shi ke nan batun kaya.

Na intanet, ga mai son gwada kansa

Idan kai kaɗai ne, buɗe Chrome ko Edge ka shiga Sporcle ko JetPunk, ka nemi sashen wasanni. Sporcle shafi ne na Amurka da ya fara aiki a 2007, kuma salonsa da aka fi sani shi ne a ba ka tambaya ɗaya mai amsoshi da yawa, misali duk ƙasashen da suka taɓa ɗaukar kofin duniya, sannan agogo ya fara ƙirga. Kana rubuta suna daidai, gurbinsa zai cika da kansa. Kada ka tsaya a kan wanda ya shige maka duhu. Zazzage waɗanda ke bakinka tukuna, sauran lokacin ka yi tunani da shi. A tambayoyin 'yan wasa, yawanci sunan ƙarshe ya isa, ba sai ka wahalar da kanka da cikakken suna ba. Lokaci na ƙarewa za a nuna maka waɗanda ka rasa, kuma nan ne karatun yake. Ka rubuta su a takarda, za su yi maka amfani nan gaba.

Abubuwa biyu ne za su iya ba ka haushi. Na farko, kalmar football a shafukan Amurka tana nufin ƙwallon zari-rugarsu, don haka soccer za ka rubuta a wurin bincike. Na biyu, yawancin tambayoyin masu shiga shafin ne suke tsara su, kuma hankalinsu yana Turai da Amurka. Za ka sha tambaya a kan Firimiya da La Liga, amma ka jira a tambaye ka shekarar da Kano Pillars ta fara ɗaukar lig, za ka daɗe. Idan da datar waya kake jona kwamfutar, shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection, don kada Windows ta shanye datar da sabunta kanta kana can kana neman sunan golan Italiya.

Kahoot, wanda aka ƙirƙira a Norway kuma ya fito a 2013, nasa salon daban ne. Mai gida yana buɗe wasan a kwamfuta, lambar shiga ta fito a allo, kowa ya shiga kahoot.it a wayarsa ya rubuta lambar da laƙabinsa. Tambaya na fitowa a babban allo, amsa kuma a waya ake taɓawa, kuma wanda ya riga amsa daidai ya fi samun maki. Yana da armashi sosai, sai dai kowace waya tana buƙatar intanet mai kyau a lokaci guda, kuma wanda sabis ɗinsa ya yi nauyi zai rasa maki ba don rashin sani ba. Na kyauta kuma yana da iyakar yawan masu shiga. Inda sabis ke rawa, gara ka bi hanya ta uku.

Tambayoyi kafin komai

Kada ka buɗe PowerPoint tukuna. Ɗauki littafi ko ka buɗe Word, ka raba tambayoyinka rukuni biyar, kowane rukuni tambaya biyar, daga mai maki 10 zuwa mai maki 50. Tambaya 25 ke nan, kuma ta isa zaman awa ɗaya idan aka haɗa da gardama da dariya. Rukunan da suka fi karɓuwa su ne Super Eagles, ƙwallon gida, kofunan Turai, kofin Afirka da na duniya, sai na biyar wanda ba ƙwallon ƙafa ba. Na biyar ɗin nan yana da muhimmanci, don shi ke bai wa wanda ba ya bin Arsenal ko Barcelona damar buɗe baki.

Mai maki 10 ta zama wadda yaro ma zai amsa: sau nawa Najeriya ta ɗauki kofin Afirka zuwa 2013? Uku, a 1980 da 1994 da 2013. Mai maki 20 ta ɗan matsa: wa ya ci ƙwallon da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe na 2013? Sunday Mba. Mai 30: wace ƙasa Rashidi Yekini ya zura wa ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a kofin duniya, a 1994? Bulgariya, a wasan da aka tashi 3-0. Ta 40 tana iya zama ƙasashe biyun da Ahmed Musa ya zura wa ƙwallo bibbiyu a kofin duniya, wato Ajantina a 2014 da Iceland a 2018. Ta 50 kuwa ta zama wadda sai an yi shiru: Stephen Keshi ya ɗauki kofin Afirka yana kyaftin, ya sake ɗauka yana koci; wane ɗan Masar ne ya riga shi ɗauka a matsayin ɗan wasa da kuma koci? Mahmoud El-Gohary.

Rukunin ƙwallon gida shi ne inda gasarka za ta bambanta da duk wadda ke intanet. Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, sun ɗauki lig a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 sun fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tare su. Enyimba ta ɗauki wannan kofin a 2003 da 2004. Plateau United ta Jos ta ɗauki lig a 2017. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992. Idan akwai mutanen Nijar a zaman, ko ma babu, ga mai daɗi: a wace shekara Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta fara zuwa kofin Afirka? A 2012, kuma ta fito ne daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. 'Yan Afirka ta Kudu har rawa suka taka a fili bayan sun yi canjaras da Saliyo, suna zaton sun wuce, alhali ba su karanta ƙa'idar raba gardama da kyau ba. Irin wannan guntun labari ka ajiye shi a shafin amsa, ka karanta bayan an ba da maki. Shi ne ke sa wanda ya faɗi ma ya ji ya ƙaru.

A rukuni na biyar ka baza. Chioma Ajunwa ta ci zinare a tsallen nesa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Hakeem Olajuwon ya ɗauki kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022, da daƙiƙa 12.12. Issaka Daboré ya samo wa Nijar tagulla a damben zamani a Olamfik ta Munich a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma azurfa a taekwondo a Rio a 2016. Ka sa dambenmu na gargajiya da kokowar takobi ta Nijar, amma ka tsaya a kan abin da ke rubuce ko wanda kowa ya yarda da shi, don labarin wane ya kashe wane a dambe kowane gari da nasa riwayar.

Yanzu ga abin da ke rusa yawancin gasa: tambaya mai amsa biyu. Idan ka ce sau nawa Manchester United ta ɗauki kofin Ingila, ka jawo rigima da kanka. Mai cewa 20 yana da gaskiya, don ya ƙirga tun daga tsohon lig. Mai cewa 13 ma yana da gaskiya, don Firimiya a 1992 ta fara. Dole tambayar ta fayyace wanne kake nufi. Haka kofin Afirka da Kodibuwa ta doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe: sunansa na 2023, amma a farkon 2024 aka buga shi. Haka zinaren Najeriya a Olamfik: wasu za su ce biyu, na Ajunwa da na ƙwallon 1996, alhali akwai na uku, na tseren miƙa sanda na mita 400 na maza a Sydney a 2000, wanda aka mayar wa Najeriya bayan shekaru da aka ƙwace shi daga Amurka saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Duk tambayar da ta shafi tarihin da ake iya karyawa, ka ɗaure ta da shekara. Kada ka ce wa ya fi cin ƙwallo a kofin duniya. Ka ce zuwa ƙarshen gasar Qatar ta 2022, sai amsar ta tsaya a kan Miroslav Klose da ƙwallo 16 ko bayan shekara goma aka buɗe fayil ɗin. Kada ka ce kofin zakarun Turai nawa Real Madrid take da shi. Ka ce zuwa 2024, amsa 15. Kowace amsa ka duba ta a wuri biyu, ɗaya ya kasance shafin hukumar da ke da gasar, FIFA ko CAF ko UEFA. Abin da aka tura a WhatsApp ba hujja ba ne.

Tarko guda ɗaya ko biyu ba laifi. Wane ɗan Najeriya ne ya ɗauki Firimiya da Leicester a 2016? Rabin ɗakin zai ce Ahmed Musa. Amsar ita ce babu: Musa ya zo daga CSKA Moscow ne bayan an ɗauki kofin, Wilfred Ndidi kuma sai a Janairun 2017. Amma kada ka cika gasar da irin wannan, mutane za su ji kamar raina musu hankali kake yi. Kuma ka yi adalci tsakanin ƙungiyoyi. Idan kai ɗan Arsenal ne, tambaya ɗaya a kan kakar 2003/04 da aka yi wasa 38 ba a doke su ba ta isa. Ka bar wa 'yan Liverpool daren da suka ɗauki kofin zakarun Turai a Istanbul a 2005, 'yan Chelsea kuma kofinsu na 2012 da Mikel Obi.

Ginawa a PowerPoint

Buɗe sabon fayil. Shafi na farko shi ne allon zaɓi, kuma dole ya zama na farko, za ka ga dalili. Shiga Insert, zaɓi Table, yi tebur mai layi biyar a tsaye da shida a kwance. Layin sama ka rubuta sunayen rukunai, ƙarƙashin kowanne kuma 10, 20, 30, 40, 50. Masu kwamfutar da ke Faransanci za su ga Insertion maimakon Insert, Diaporama maimakon Slide Show; wurin dai ɗaya ne.

Danna Ctrl da M ka samu shafi na biyu, na tambaya. Ka ba shi take gajere, kamar Eagles 10, ka rubuta tambayar da manyan baƙaƙe, kada girmansu ya gaza 36, don wanda ke bakin ƙofa ya iya karantawa. A ƙasa ka zana ɗan akwati ta Insert da Shapes, ka rubuta Amsa a ciki. Zaɓi akwatin, shiga Insert, danna Action, a ƙarƙashin Hyperlink to ka zaɓi Next Slide. Shafi na uku na amsa ne: amsar da guntun labarinta, sai wani akwatin mai rubutun Koma, wanda za ka ba shi First Slide ta hanyar da ka bi ɗazu.

Dabarar da za ta rage maka aiki ita ce kada ka maimaita wannan sau 25. Zaɓi shafi na biyu da na uku tare a jerin da ke hagu, danna Ctrl da D, za su kwafu da maɓallansu suna aiki, tunda ɗaya shafi na gaba yake nema, ɗayan kuma na farko. Ka yi ta kwafa har ka samu tagwaye 25, wato shafi 51 har da allon zaɓi. Sai ka bi ka sauya take da rubutu kawai.

Saura ɗaure lambobin tebur da tambayoyinsu. Koma shafi na farko, ja linzami a kan lambar 10 ta rukunin farko har ta yi duhu, danna Ctrl da K, zaɓi Place in This Document, za ka ga jerin shafukanka da takensu, zaɓi Eagles 10. Nan ne za ka gode wa kanka da ka ba kowane shafi take. A kan rubutun lambar za ka ɗaura mahaɗin, domin rubutun da aka riga aka latsa yana sauya launi, ta haka kowa zai ga tambayoyin da aka cinye. Idan launukan biyu sun yi kama, shiga Design, Variants, Colors, Customize Colors, ka mayar da Followed Hyperlink launin toka mai duhu.

Mataki na ƙarshe shi ne kulle wasan, don kada latsa ɗaya ta kuskure ta tona amsa. Shiga Slide Show, Set Up Slide Show, zaɓi Browsed at a kiosk. Daga nan babu abin da zai motsa shafi sai maɓallan da ka gina, fita kuma sai da Esc. Danna F5 ka gwada duka 25 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Aikin minti goma ne, kuma kusan kullum sai an samu mahaɗi ɗaya da ya kai tambayar da ba tasa ba. Bayan gwaji ka adana, ka rufe fayil ɗin, ka sake buɗewa, don lambobin su koma launinsu na asali.

Game da ƙ da ɗ da ɓ: idan madannanka ba su da su, rubuta tambayoyin a Word. Ka buga 0199 sannan Alt da X, za ta koma ƙ. 0257 ta ba da ɗ. 0253 ta ba da ɓ. Sai ka kwafo zuwa PowerPoint. Ka tsaya a kan Arial ko Times New Roman, don wasu salon rubutun na ado ɗan akwati suke nunawa a gurbin waɗannan baƙaƙe. Wanda ba shi da PowerPoint zai iya sauke LibreOffice kyauta, Impress ɗinsa yana yin wannan aikin ta wurin da ake kira Interaction.

Idan don yaro kake ginawa ya buga shi kaɗai, sauyin kaɗan ne: akwati huɗu na zaɓi a shafin tambaya, na daidai ya kai shafin amsa, ukun kuma su kai wani shafi guda mai cewa sake gwadawa, wanda maɓallinsa ke da Last Slide Viewed.

Ranar wasa

Wanda ya tsara tambayoyin shi ne alƙali, ba ya shiga gasa, kuma shi kaɗai ke taɓa linzami. A raba mutane gida biyu ko uku, a gauraya manya da yara. Babba ya ga Amokachi da Tijani Babangida da idonsa, yaro kuma ya san Osimhen da Lookman da shekarun da suka zama gwarzon Afirka, 2023 da 2024. Ɓangaren da ya haɗa biyun shi ke cin gasa. Kowane ɓangare ya naɗa kyaftin, kuma abin da ya fito daga bakin kyaftin shi ne amsa. In ba haka ba, mutum uku za su jefo amsa uku, sannan su ce ai ta daidai ɗin suke nufi.

A tara wayoyi a faranti ɗaya kafin a fara, har da ta baban gida, cikin ladabi. Wayar alƙali ce kawai za ta rage, ita ce agogo. Daƙiƙa 20 ta isa ga masu maki 10 da 20, daƙiƙa 30 ga sauran. Ɓangaren da aka zo kansa ya zaɓi rukuni da maki. In ya amsa daidai ya kwashe, in ya faɗi a miƙa wa na gaba a kan rabin makin. Ban goyi bayan a riƙa cire maki don an faɗi ba, musamman inda akwai yara, domin yana sa su yin shiru ko da sun sani. Makin a rubuta shi a takarda inda kowa ke gani, mai rubutawa kuma ya riƙa soke tambayoyin da aka yi, ko da kwamfuta za ta mutu a ci gaba daga inda aka tsaya. Don haka ma yana da kyau alƙali ya riƙe kwafin tambayoyin a takarda.

A yarje wa kowane ɓangare ƙorafi sau ɗaya tak. Idan sun ce alƙali ya yi kuskure, a duba shafin hukumar nan take. In suna da gaskiya a ba su makinsu kuma ƙorafinsu yana nan, in ba su da ita ya ƙone. Sunan da aka faɗa da lafazin gida a karɓa, matuƙar an gane wanda ake nufi. Idan aka tashi kunnen doki, a fito da tambayar lamba wadda aka ɓoye tun farko, kowane kyaftin ya rubuta amsarsa a takarda, wanda ya fi kusa ya ci. Ƙwallo nawa Alan Shearer ya ci a Firimiya? 260. Nawa Yekini ya ci wa Najeriya? 37.

A tsara lokacin yadda ba zai ci karo da sallah ba, bayan Isha'i ko tsakanin La'asar da Magariba, kuma ba ranar da ake babban wasa ba, don ba wanda zai zauna. Kyauta ta zama daga mai gida, lemo ko tsire ko katin waya. Kada a yi karo-karon kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan ya zama caca, kuma daga ranar wasan ya daina zama na gida.

Bayan an watse, ka adana fayil ɗin da kwanan wata, ka kwafa a filashi. Zama na gaba Save As kawai za ka yi, ka share tambayoyi da amsoshi ka zuba sababbi, mahaɗan duk suna nan yadda ka bar su. Tambayar da kowa ya amsa ka rage mata maki ko ka jefar da ita, wadda ba wanda ya amsa ka dawo da ita bayan wata guda. Alƙalanci kuma ya koma hannun kyaftin ɗin ɓangaren da ya ci, shi zai kawo tambayoyi 25 na gaba.